Mu Yi wa Kanmu Hisabi Kafin Mu Ɗauki Alkawarin Sabuwar Shekara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu karatu a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda shigowar sabuwar shekarar Musulunci ta sake tayar mini da shi. A 'yan kwanakin nan duk inda mutum ya juya sai ya ji ana addu'ar Allah ya sa mu shiga a sa'a, wasu kuma suna ɗaukar wa kansu alkawura, wannan ya ce bana zai rage ƙiba, wancan ya ce zai riƙa sauke Alƙur'ani duk wata, wani kuma ya ce ya daina yi wa iyalinsa faɗa. Duk niyya ce mai kyau, Allah ya ba da ladanta. Sai dai a matsayina na malamin asibiti da ya yi shekaru yana aiki a asibitocin sha-ka-tafi na ƙauye da na cikin gari, abin da na lura da shi shi ne yawancin waɗannan alkawura ba sa ganin ƙarshen watan Safar, kuma babban dalili shi ne ana ɗaukarsu ba tare da mutum ya fara zama ya san inda yake tsaye ba.

Duk wanda ya san Kantin Kwari ko Kasuwar Singa ya san yadda ɗan kasuwa na gari yake yi idan lokacin fitar da zakka ya zo. Rufe shago yake yi, ya sa yaransa su sauko da kaya a ƙirga dila-dila, ya buɗe littafin bashi ya ware wanda ake sa ran biya da wanda aka yanke ƙauna da shi, sannan ya san ko uwar kuɗi ta ƙaru ko ta ragu. Ba za ka taɓa jin ya ce yana jin dai an ci riba ba, domin ya san ba a fitar da zakka da zato. Amma wannan mutumin, idan ka tambaye shi yaushe rabonsa da a auna masa jini, ko awa nawa yake barci a dare, ko sau nawa rana ta fito masa bai yi asuba ba a watan da ya gabata, sai ya yi murmushi ya ce ai lafiyarsa ƙalau, alhamdu lillahi. Godiya ga Allah wajibi ce, amma ba ta ɗauke wa mutum nauyin bincikar amanar da aka ba shi.

Wannan bincike kuwa ba baƙon abu ba ne da aka kawo mana daga Turai. Allah Maɗaukaki ya ce a aya ta 18 ta Suratul Hashri kowane rai ya dubi abin da ya gabatar domin gobe, kuma an ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mu yi wa kawunanmu hisabi kafin a yi mana hisabi. Abin da muka yi sakaci da shi shi ne mun taƙaita wannan hisabi ga ibada kawai, ita ma ibadar sai a watan azumi, alhali kuwa lokacin da Salmanul Farisi ya tarar da ɗan'uwansa Abud Darda'i ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya bar kula da gidansa, abin da ya gaya masa shi ne Ubangijinka yana da hakki a kanka, kai kanka kana da hakki a kanka, iyalinka suna da hakki a kanka, ka ba kowane mai hakki hakkinsa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. Magabatanmu na wannan ƙasa ma haka suka fahimta, shi ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da na jihadi, ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon basir. 'Yan'uwanmu Kiristoci masu karanta wannan jarida su ma sun san umarnin da ke cikin littafinsu cewa mutum ya riƙa jarraba kansa.

Bari in fara da jiki, domin nan ne na fi sani, kuma nan ne yaudarar kai ta fi yawa. Sau nawa muke jin sanarwar rasuwa ana cewa bayan gajeruwar rashin lafiya, ko a ce jiya ma tare muka yi sallar isha'i, yau da safe ya yanke jiki ya faɗi? Ajali na Allah ne, babu mai ja da wannan. Amma da yawa daga cikin waɗannan rashin lafiyar da muke kira gajeru sun shekara goma suna cin mutum bai sani ba. Hawan jini ba ya sallama. Yana iya zama a jikin mutum babu ciwon kai, babu jiri, yana lalata ƙoda da zuciya da jijiyoyin ido da na ƙwaƙwalwa a hankali, ranar da zai bayyana kuwa sai a ga shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya sama da biliyan ɗaya ne suke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Hanyar sani ɗaya ce, ita ce a auna. Idan awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku biyu daban-daban, to mutum yana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya, ko da yana jin zai iya ɗaukar buhun masara.

Na taɓa zama da na'urar awo a harabar wani masallaci bayan sallar Juma'a, wani dattijo mai kyakkyawar shiga ya zo yana raha, ya ce shi dai don ya ba yara ƙwarin gwiwa ya zo, ya naɗe hannun babbar rigarsa ya miƙo. Na'ura ta nuna sama da 180 bisa 110. Na sa ya huta, na sake aunawa a ɗaya hannun, abin bai sauka ba. Da na gaya masa, sai ya dube ni ya ce, "Malam, ni fa ko ciwon kai ba na yi." Na ce masa, "Baba, shi ya sa na fi jin tsoro." Irin wannan dattijon suna nan a kowane sahu na kowane masallaci, kuma abin da ke tsakaninsu da sanin halin da suke ciki bai wuce zaman minti biyar ba.

Saboda haka hisabin jiki yana farawa ne da lambobi da mutum zai rubuta a takarda ya ajiye. Na farko awon jini. Na biyu awon suga da safe kafin a karya, wanda idan ya kai 126 a ma'aunin da yawancin na'urorinmu suke amfani da shi, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, to sai a sake gwadawa a asibiti domin a tabbatar. Na uku faɗin ƙugu, wanda ba ya buƙatar komai sai igiya: mutum ya auna tsawonsa da igiya, ya ninke ta gida biyu ta koma rabin tsawonsa, ya zagaya cikinsa da ita daidai cibiya, idan ba ta haɗu ba, to teɓar da muke ɗauka alamar hutu ce ta fara zama barazana. Sai kuma gwajin ciwon hanta, wanda yake da yawa a ƙasar nan kuma shi ma yana zama shiru, alhali akwai allurar rigakafinsa ga wanda bai kamu ba. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a shekarar 2024, abin a yaba ne, amma bai kamata mutum ya jira sai zai yi aure ko zai ƙara kafin ya san abin da ke cikin jininsa ba.

Bayan lambobi sai abin da muke zubawa a ciki, kuma a nan ne ake buƙatar gaskiya tsakanin mutum da kansa. Ƙa'idar masana ita ce babba kada ya wuce gram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan lissafi ya haɗa da dunƙulen da ake marmasawa a miya, da na yajin tsire, da na ƙunshin taliyar yara, da kanwa wadda ita ma take ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri. Sukari kuwa, iyakar da aka ba babba ba ta wuce kimanin gram 50 a rana ba, kuma da yawa daga cikin lemon roba mai santilita 50 shi kaɗai yana kusan cinye wannan adadi, tun kafin a je teburin mai shayi a ce a haɗa mai kauri. Hadisin da ya raba ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, kusan kowane ɗan makarantar Islamiyya ya haddace shi, amma a duba yadda muke zama gaban faranti a wurin walima.

Akwai wani ɓangare na jama'a da wannan magana ta rage ci da motsa jiki ba ta shafe su ba, kuma zalunci ne a yi musu wa'azinta. Manomi da ɗan dako da mai ga-ruwa da birkila ba su da ƙarancin motsi, nasu hisabin daban ne. Shi ne su ƙirga sau nawa a mako suke tsayawa a kemis su ce a haɗa musu na ciwon jiki, a ƙulle musu ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda ba tare da sun san sunan ko ɗaya ba. Magungunan kashe zafi irin su diklofenak da ibuprofen, idan aka mayar da su abin sha na kullum, musamman ga mai aiki cikin rana da ƙarancin shan ruwa, suna ƙwaƙule ciki kuma suna raunana ƙoda, wankin ƙoda kuwa kowa ya san ba na talaka ba ne. Wasu daga nan suke zarcewa zuwa tiramol da sunan ƙarin ƙarfi. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma ba dukansu ne 'yan daba ba, akwai magidanta da matan aure da suka fara da neman barci ko neman mantuwa.

Wannan ya kawo ni ga lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ita ce muka fi jin kunyar dubawa. A wurinmu, muddin mutum bai tuɓe ya shiga kasuwa ba, to lafiyarsa lau. Tsakanin cikakkiyar lafiya da hauka tuburan kuwa akwai fili mai faɗi, cike da mutanen da suke zuwa aiki, suke gaisawa da kowa, amma cikinsu ya mutu. Tambayoyin da mutum zai yi wa kansa a nan ba su da wuya. Shin ina samun barcin awa bakwai, ko kuwa ina kwana ina juyi? Abubuwan da a da suke faranta mini rai, hira da abokai ko wasa da 'ya'yana, har yanzu ina jin daɗinsu? Ƙaramin abu yana sa ni fashewa da fushi? Ina yawan jin cewa ba ni da amfani, ko gara a ce babu ni? Likitoci sun ce idan ƙuncin rai ko rashin sha'awar komai ya zauna wa mutum kusan kullum har tsawon mako biyu, yana hana shi gudanar da al'amuransa, to wannan ciwo ne mai suna kuma mai magani, ba lalaci ba ne. Wanda kuwa tunanin kashe kansa ya fara zo masa, kada ya jira mako biyu, ya gaya wa wani a ranar, a kai shi asibiti.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda muke rufe bakin mai irin wannan ciwo da cewa imaninsa ne ya yi rauni. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ne ya ba mu labari, kuma babu wanda ya isa ya ce imaninsa ya ragu. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Addu'a da karatun Alƙur'ani waraka ce, ni ma na yi imani da haka, amma wanda ya koya mana addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki shi ne kuma ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Matar da ta haihu ta koma ba ta son ganin jaririnta, tana kuka ba dalili, ba lallai ne kishiya ta yi mata asiri ba, ciwo ne sananne da yake samun mata bayan haihuwa, kuma ana warkewa. Ƙasar nan ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci ƙwarai idan aka dubi yawan jama'a, amma ko waɗanda ake da su ɗin ba ma zuwa wurinsu sai bayan an gama yawo da mara lafiya, an ɗaure shi da mari, an sha duka da hayaƙi.

Dalilin da ya sa nake cewa a yi hisabin nan a zama ɗaya, kada a raba shi, shi ne abubuwan uku, wato jiki da ƙwaƙwalwa da ruhi, a sarƙe suke. Wani magidanci ya riƙa zuwa wurina da ƙorafin ciwon kai da bugun zuciya, jininsa kuma yana hawa duk da maganin da yake sha. Wata rana da layi ya ragu na ce masa ya zauna mu yi hira, a nan ne ya sunkuyar da kai ya ce kuɗin marayun ɗan'uwansa ne ya juya a kasuwa suka narke, yaran sun girma, kuma kullum yana jiran ranar da za a tambaye shi. Ba ya barci sai goshin asuba, saboda haka asubar take kuɓuce masa, kunyar haka kuma ta sa ya janye daga masallacin unguwa, kaɗaicin ya ƙara masa tunani. Ba ni da ƙwayar da zan ba shi ta wannan. Shawarar da na ba shi ita ce ya ci gaba da shan maganinsa, ya kuma sami wani babba a dangi ya faɗi gaskiya, a tsara yadda zai riƙa biya a hankali. Da a ce jininsa kawai aka yi ta aunawa, ko wa'azin asuba kawai aka yi ta yi masa, da an bar jijiyar matsalar tana nan.

Shi ya sa hisabin ruhi bai tsaya ga ƙirga nafila ba. Salla ce farko, kuma tambayar ita ce ko ana yin ta a kan lokaci da natsuwa, ko kuwa jiki ne a sahu zuciya tana kasuwa. Amma bayan ita sai hakkin mutane, wanda shi ne muke tsallakewa saboda ya fi ciwo: bashin da mutum yake da halin biya amma yake ja, gadon da aka danne wa mata da ƙanana, mudun da aka bubbuge gindinsa, albashin ɗan aiki da aka riƙe, ɗan'uwan da aka shekara ba a gaisa ba saboda rikicin fili, da naman mutane da ake ci a majalisa, wanda yanzu ya koma cikin waya, inda mutum zai tura labarin da bai tabbatar ba zuwa rukuni goma kafin ya karya kumallo. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma mun ƙware wajen yi wa shugabanni da maƙwabta hisabi dalla-dalla. Ina kuma jan hankalin masu tsananta wa kansu cewa hisabi ba yanke ƙauna ba ne. Wanda ya duba ya ga ɓarna ta yi yawa, ya tuna aya ta 53 ta Suratuz Zumar da ta hana yanke tsammani daga rahamar Allah. Idan binciken kai ya koma waswasi, mutum yana maimaita alwala sau da yawa ko yana ganin ba za a taɓa gafarta masa ba, to shi ma wannan abin a nemi taimako ne a kansa.

To, bayan mutum ya san inda yake, sai maganar inda zai nufa, kuma a nan kuskurenmu shi ne haɗama. Wanda bai buɗe Alƙur'ani ba tun ƙaramar salla sai ya ce zai riƙa izu biyar a rana, wanda bai taɓa tafiyar kilomita ɗaya ba sai ya sayi takalmin gudu ya ce kullum zai zagaya filin wasa, bayan kwana kaɗan ya gaji, ya bari gaba ɗaya, ya kuma ƙara da jin cewa shi ba mai iya komai ba ne. Ma'aunin da Nana A'isha ta ruwaito ya ishe mu: aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Manufa mai amfani ita ce wadda take ƙarama, mai adadi, mai lokaci, wadda mutum zai iya cewa da daddare na yi ko ban yi ba. "Zan kula da lafiyata" buri ne kawai. "Zan rage dunƙule ɗaya daga tukunyar gidana, kuma ba zan ƙara gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa ba" abu ne da za a iya bibiya.

Mu kuwa Allah ya hutar da mu neman jadawali, domin salloli biyar sun riga sun yanka mana yini, abin da ya rage shi ne a rataya kowace sabuwar ɗabi'a a jikin ɗaya daga cikinsu. Mus'hafin bugun Madina shafi 604 ne, wanda ya karanta shafi biyu bayan kowace salla ya sami shafi goma a rana, kimanin izu guda ke nan, cikin wata biyu ya sauke ba tare da ya ji nauyi ba. Motsa jikin da masana suka ce babba yana buƙata shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa a kwana biyar, kuma ba dole ne a yi shi a haɗe ba. Ma'aikacin ofis ko mai zaman shago zai iya sauka daga a-daidaita-sahu kafin ya kai inda za shi ya ƙarasa da ƙafa, ko ya taka da sauri na kwata bayan asuba da kwata bayan la'asar. Mai hawan jini ya haɗa shan maganinsa da sallar asuba, kuma ya sani ba a daina wannan magani don an ji sauƙi, kuskuren da ya kwantar da mutane da yawa. Mai fama da rashin barci ya sa wa kansa dokar ajiye waya bayan isha'i da awa ɗaya, ya kuma bar shayi da goro da yamma. Abu ɗaya ko biyu a kowane fanni sun isa, idan suka zauna sai a ƙara.

Ina so in yi wa magidanta magana ta musamman game da matansu. Mace tana iya yini a tsaye tsakanin murhu da wanki, a ɗauka ta motsa jiki, alhali gajiya ce kawai ta tara, ba ta da lokacin kanta ko na minti goma, kuma ba a auna jininta sai in tana da ciki. Hisabin maigida bai cika ba sai ya tambayi kansa yaushe rabon da ya kai ta a duba ta ba tare da ta kwanta ba, yaushe rabon da ya zauna ya saurare ta, kuma ko ya ba ta damar zuwa Islamiyya da ziyarar 'yan'uwanta, waɗanda su ne suke sauke mata nauyin zuciya. Rage gishiri da mai a tukunya ma ba zai yiwu ba idan shi ne mai fara ƙorafin miya ta yi lami.

Na san wani zai ce wannan duk maganar masu ƙoshi ce, wanda yake neman na tuwon dare tun bayan cire tallafin mai a 2023 ina ya ga sararin zama yana rubuta manufofi. Ban raina wannan magana ba, domin na ga mutanen da suke raba ƙwayar magani biyu don ta kai su ƙarshen wata, kuma hakkin gwamnati na samar da magani da ma'aikata a ƙananan asibitoci yana nan a wuyanta, babu hisabin kai da zai sauke mata shi. Amma talaka ne ya fi kowa buƙatar gano ciwo da wuri, domin shi ne ba shi da kuɗin jinyar shanyewar jiki, kuma ranar da ya kwanta gidansa gaba ɗaya ne ya kwanta. Awon jini a kemis ko a sha-ka-tafi kuɗinsa kaɗan ne, wani wurin ma kyauta ne, rage gishiri da lemo ragin kashe kuɗi ne, tafiya da ƙafa da neman gafarar ɗan'uwa kuwa ba a biyan ko kwabo.

Abu na ƙarshe da manufa take buƙata shi ne mai shaida da ranar dubawa. Mutum ya sami ƙaramin littafi ya rubuta lambobinsa da abin da ya ɗaukar wa kansa, ya ware wani lokaci, misali daren Juma'a, ya duba makon da ya wuce, sannan duk farkon wata ya sake awo ya kwatanta. Ya kuma zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, aboki ko mata ko miji, wanda zai iya tambayarsa ba tare da jin nauyi ba. Mutum ɗaya na ce, domin shelanta niyya a Facebook tana jawo yabo tun kafin a yi aikin, ga kuma haɗarin riya idan abin ya shafi ibada. Idan aka duba aka ga an yi mako ba a cika ba, sai a tambayi dalili, a rage manufar idan ta yi nauyi, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Malam Edita, ina da roƙo biyu. Na farko ga kwamitocin masallatai da majami'u da ƙungiyoyin unguwa da na 'yan kasuwa: na'urar awon jini ta zamani ba ta fi ƙarfin karo-karon jama'a ba, kuma da wuya a rasa ma'aikacin lafiya ɗaya a unguwa da zai ba da awa guda bayan Juma'a ko ranar Lahadi, a ware wa mata nasu lokacin da mace mai aunawa, duk wanda aka ga nasa ya hau a tura shi asibiti, kada a rubuta masa magani a tsaye. Limamai kuma su sa wannan batu cikin huɗubobin wannan wata. Na biyu gare ku: ku ware wani ɗan gurbi a jaridar nan, ko sau ɗaya a wata, da likita da malamin addini za su riƙa amsa tambayoyin masu karatu tare, a ɓoye sunan mai tambaya, kuma idan ranar hawan jini ta duniya ta zo a 17 ga Mayu, ko ta lafiyar ƙwaƙwalwa a 10 ga Oktoba, ko ta ciwon suga a 14 ga Nuwamba, ku buga mana wuraren da ake gwaji kyauta a kowace jiha tun kafin ranar, domin mutane su shirya zuwa.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani malamin asibiti, daga Kano